Masu Zana Hoton Bincike Iri-Iri Ne

A fagen nazarin ƙwayoyin gado da kwamfuta, bincike ba ya cika sai an zana shi a hoto. To, a nan halin kowa ke fitowa fili.

Akwai Malam Bakan Gizo. Duk launin da Allah ya halitta sai ya shiga zanensa, amma ya fi ƙaunar ja da kore gefe da gefe. Ka gaya masa a Turai kusan namiji 1 cikin 12 ba ya bambance su, sai ya ce ai shi yana gani sarai. Tun 2015 aka fito da jerin launukan viridis mai sauƙin gani ga kowa, har yau bai leƙa ba.

Sai Sarkin Da'ira. Tun da Martin Krzywinski ya wallafa bayanin Circos, manhajar zane mai siffar da'ira, a 2009, bawan Allah bai sake zana layi miƙaƙƙe ba. Komai sai ya lanƙwasa shi zobe, ga zare-zare a tsakiya kamar taliyar da ta kife. Mai karatu ya karkata wuya har ya ƙage. Kyau kam akwai. Ma'ana kuwa, sai dai a tambayi Sarki. Ƙaninsa shi ne mai zanen Venn: gida uku sun isa, shi sai shida. Hujjarsa wai a 2012 mujallar Nature ta buga irinsa a binciken ƙwayoyin gadon ayaba, har da ayabar kanta kwance a cikin zanen.

Ɗan Excel abin tausayi ne. Ya rubuta sunan ƙwayar gado SEPT2, manhajar ta mayar masa 2 ga Satumba, shi kuma ya aika haka. Wani bincike na 2016 ya samu irin wannan kuskure a kusan ɗaya cikin biyar na maƙalolin da suka haɗo jerin sunayen a Excel. Zuwa 2020 kwamitin raɗa sunayen ne ya gaji ya sauya su, SEPT2 ya koma SEPTIN2. Ɗan Excel dai bai sauya komai ba.

Oga kuwa ba ya zane. Aikinsa ya jira daren ƙarshe ya ce, "Ɗan ƙara girman rubutun nan, ka cire shuɗin."

Wadda ta fi su duka ita ce Baiwar Allah mai rubuta umarnin zanenta a manhajar R da ggplot2, kowane gefe da sunansa da ma'auninsa. In Oga ya yi magana, layi ɗaya take gyarawa ta tafi gida. In za ka zaɓi abokin aiki, ita za ka nema.