Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Janaretan Gidan Kallonmu

Zuwa ga Mai Girma Janareta,
Bayan gidan kallo, dab da kwata,
Gyadi-Gyadi, Ƙaramar Hukumar Tarauni, Kano.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka tashi lafiya, in har an samu mai ƙarfin damtsen da ya tashe ka. Ina gaida filogi, ina gaida kabureta, ita kuma igiya a yi mata sannu da shan ja. Allah ya ƙara wa tanki albarka, ya tsare ka daga gurɓataccen mai.

Yallaɓai, maganar jiya da daddare ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wasa ya zo gangara, ana kunnen doki, alƙali ya nuna fanareti. Bruno Fernandes na Manchester United ya ɗauki ƙwallo ya dasa, ya ja da baya, ya taho da 'yar sassarfarsa, ya yi ɗan tsallen nan nasa da yake yi don gola ya ƙagu ya riga shi zaɓar ɓangare. Yana sama, ƙafarsa ba ta dawo ƙasa ba, sai ka yi tari sau biyu ka ɗauke numfashi. Gida ya yi ɗif. Ka bar bawan Allah a rataye, ka bar mu da baki buɗe.

Da ka mutu a hutun rabin lokaci, da ba mai ce maka kanzil. Da ka mutu sa'adda ake jan ƙafa wajen jifa, ko ana ɗaure wa wani takalmi, mu ce ƙaddara. Amma duk faɗin daren nan, daƙiƙar da ka zaɓa ke nan. Wannan ba lalacewa ba ce, ranka ya daɗe, wannan aiki ne na mai lissafi.

Ka san abin da ya biyo baya, tunda kana kwance kana ji. Fitilun waya suka tashi, 'yan Arsenal na bencin baya suka fashe da dariya tun ba su san abin da ya faru ba. Can sai muka jiyo ihu daga wani gidan kallo ta wajen Court Road. To ihun wa? A garin nan rabin masu biyan kuɗi su kalli United sun zo ne su ga an zane ta, saboda haka ihu ba ya gaya maka komai. Wani ya ce ya ci, wani ya rantse ya zubar, dattijon da ke kusa da ni ya fara salati. A ƙarshe a wayar wani yaro da bai kai shekarun aske gemu ba muka ji cewa ta shiga, bayan shi ma ya gama ja mana rai.

Mai gida kuwa yana bayan ɗaki yana fama da kai. Ya ja igiya har kafaɗarsa ta yi ƙara. Yaronsa ya haska masa, ya kwance filogi ya busa, ya kankare shi da guntun waya, ya karkata ka gefe ɗaya don ragowar mai ya gangaro, ya ɗan mare ka a tanki. Ka yi gurnani ka tashi. Dikoda ita ma ta ɗauki nata lokacin tana lalube. Da hoto ya dawo, sai ga wasu ƙattai sanye da kwat sun kewaye tebur suna yi mana sharhin abin da muka biya kuɗi mu gani da idonmu.

Bari in gaya maka wanda ka wulaƙanta, don na lura ba a taɓa juyo da kai ka fuskanci talabijin ba. An haife shi a garin Maia na ƙasar Fotugal a 1994. Bai taso a gidan manya irin Benfica ko Porto ba, a Boavista ya yi ƙuruciyarsa, kuma yana ɗan shekara 17, a 2012, ya tattara ya tafi Novara, ƙungiyar rukuni na biyu a Italiya, ba uwa ba uba, ba ya jin yaren mutane. Daga nan Udinese, daga nan Sampdoria. Sai a 2017 Sporting ta Lisbon ta dawo da shi gida. A watan Mayun 2018 wasu magoya baya da suka rufe fuska suka kutsa filin atisayen ƙungiyar a Alcochete suka lakaɗa wa 'yan wasa duka. Da yawa suka soke kwantiragi, shi ma ya soke, daga baya ya dawo ya sake sa hannu, kuma a kakar da ta biyo ya ci ƙwallo sama da 30, alhali ɗan tsakiya ne. Kai fa? Yayyafi kaɗan aka yi ranar nan, iska ta ɗaga kwanon da aka rufa maka, ka yi yajin aiki har washegari.

A Janairun 2020 Manchester United ta saye shi kan Yuro miliyan 55, a watan da ta ɗauko aron Odion Ighalo daga Sin, ɗan Najeriya na farko da ya sa rigarta. A shekarar kaɗai sau 4 ana ba shi gwarzon wata na Firimiya. A Satumbar 2020 a gidan Brighton, alƙali ya hura tashi, aka duba na'ura aka ga hannu, aka dawo da mutane fili, Bruno ya buga fanareti a minti na 100 aka tashi 3-2. Ka ji mutumin da ke aiki bayan an tashi. Kai kuwa ba a tashi ba ka kama hanya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sana'arku ɗaya da shi. Tun da Ferguson ya ajiye aiki a 2013 aka ɗauke wutar gidan United, kuma ba a dawo da ita ba. An canza masu horarwa, an zuba kuɗi a kan 'yan wasan da ko sunansu ba ma son tunawa, gida na nan cikin duhu. Bruno ne janaretan da aka jawo aka ɗora wa komai: shi ne kwana, shi ne bugun tazara, shi ne fanareti, shi ne zai ba da ƙwallo a ci, in an ƙwace kuma ka gan shi ya dawo baya yana haki. Daga zuwansa har watan Mayun 2024 rauni bai taɓa hana shi buga wasa ba, kuma ranar da ya fara hana shi Crystal Palace ta zuba musu 4-0. A 2023 aka karɓe kyaftin daga hannun Maguire aka ba shi. Shi aka ɗora wa gida guda ya ɗauka. Kai talabijin biyu ne da dikoda da fanka ɗaya mai kai a karye, kana nishi kamar an ce ka haska Kasuwar Farm Centre.

Ban ce ba shi da aibu ba. A surutu kun yi kunnen doki. Ba a hura usur bai ɗaga hannu sama ba, ba a taɓa shi bai bi alƙali yana ƙorafi ba, wani sa'in har abokan wasansa ba su tsira daga bakinsa ba. Yakan kuma yi wata irin ba da ƙwallo ta ganganci da za ka dafe kai. A Satumbar 2021 ya ɗaga fanareti sama da raga a gaban Aston Villa a mintin ƙarshe, har yau 'yan Chelsea na unguwar nan suna tambayar ko ta sauko. Amma shi in ya gama surutun yakan tsinana wani abu: Kofin Carabao a 2023, Kofin FA a 2024 a hannun Manchester City, ga Kofin Nations League da Fotugal a 2019 da 2025. Kai me ƙararka ta taɓa haifarwa ban da ciwon kai da hana mu jin mai sharhi?

Kuma kai, dakata. Ina kake mutuwa ranar 5 ga Maris 2023, da Liverpool ta yi mana 7-0 a Anfield? Lafiyarka ƙalau! Ko tari ba ka yi ba, har maimaici ka haska mana ɗaya bayan ɗaya. A 2021 da Villarreal ta ɗauke Kofin Europa a hannunmu a bugun fanareti 11-10, ka tsaya daram har De Gea ya zubar da tasa. A 2025 da Tottenham ta yi mana ɗaya mai ban haushi a Bilbao, a kakar da muka ƙare na 15, muryarka har wani daɗi take yi. Ranar da shi Brunon ya zura wa Najeriya biyu a Lisbon, a Nuwambar 2022 aka tashi 4-0, nan ma ba ka ga dalilin rufa mana asiri ba. Baƙin ciki kana kawo shi cikakke da launinsa, farin ciki ne kawai ke toshe maka kabureta. Fito fili ka faɗa mana ƙungiyar da kake goya wa baya, munafuki, mu san a bencin da za mu ajiye ka.

Sauran laifukanka ba zan tsaya a kansu ba. Hayaƙinka ya sa matan aure sun daina yarda cewa kallo muka je. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ake ƙara mana kuɗin shiga da sunanka, mun biya ba mu yi gardama ba. Masu ɗauke wuta kuwa ban sa su a lissafi ba, su dama ba su yi mana alkawarin komai ba.

A 2025 Al-Hilal ta Saudiyya ta zo wa Bruno da kuɗin da ba ya ƙirguwa, ya ce a kai kasuwa. Kai ma ina sanar da kai an kawo tayi a kanka. Wani ɗan gwangwan ne mai kura, ya ɗaga ka ya jijjiga, ya ce a kilo zai saya, kuma sai an cire igiyar don ba ƙarfe ba ce. Mun zauna da 'yan benci, har da 'yan Arsenal, an fara karo-karon sola, mai gida ya ce zai je ya ji farashin batir. Akwai wasa ranar Asabar. Ka sha baƙin mai, ka gyara zama, ɗan gwangwan ya ce zai biyo ta layinmu ranar Lahadi da safe.

Naka cikin hayaƙi,
Mai biyan kuɗin kallo cikakke,
Benci na uku, kusa da fankar da ba ta juyawa.