Grendizer Ya Sauka a Suki

Duk ɗan Sudan da ya yi wayo a shekarun 1980 ya san katun ɗin Grendizer, ko da kuwa gidansu babu lantarki. Mu a Suki a kulob ɗin unguwa muke kallonsa, mu baje a ƙasa gaban talabijin ɗaya tilo, wanda ya cika tsawo ya sha ranƙwashi daga baya. Wani Bajapane mai suna Go Nagai ne ya ƙirƙire shi, kamfanin Toei ya shirya shi, aka fara nuna shi a Japan a 1975, kashi 74, daga baya aka juya shi zuwa Larabci a Labanon, Jihad al-Atrash ya ba jarumin murya. Labarin bai taɓa ba mu wahala ba. Yarima ne da aka ci ƙasarsu da yaƙi, ya gudo wata duniya ya kama ƙodago a gonar wani. Jikan mutanen da suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har bakin Shuɗin Nilu, suka ƙare da tsinkar auduga a Jazira, ba sai an yi masa tafsirin wannan ba.

Girma ya zo, neman abinci ya kai ni Riyad. A ƙarshen 2022 aka kafa mutum-mutumin Grendizer a Boulevard World, tsawonsa ya haura mita 33, na je na tsaya a gindinsa ina ɗaga kai har hulata ta faɗi. Daga nan ƙafata ta ja ni wani kanti da ake sayar da ƙananansa. Ga shi nan cikin kwali mai taga, ƙirar ƙarfe irin wadda kamfanin Bandai ke fitarwa tun 1997 domin manya masu gemu, da ƙahonninsa ruwan zinare, da laujensa biyu, da faifan da yake shiga ya tashi sama, har da dandamalin da ake girke shi a kai.

Mai kantin ya zaunar da ni ya ba ni karatu. Ya ce wannan kaya ba a wasa da shi, kallonsa ake yi, kuma rabin darajarsa a kwalin take, ranar da ka yage manne ranar ka yage kuɗinka. Ya ce lokacin Kirsimetin 1977 kamfanin Kenner bai gama ƙera 'yan tsanan Star Wars ba, sai ya sayar wa Amurkawa da kwali fanko da takardar alkawari, suka kuma saya. Ya kawo zancen wani Boba Fett mai harba roka ta baya, wanda aka fasa fitarwa kasuwa don gudun kada yara su haɗiye rokar, ya ce a 2022 an yi gwanjon guda ɗaya a kan sama da dala 200,000. Na lissafa wannan da fam ɗin Sudan, kaina ya yi zafi, na zaro albashin da na ware don sayen dabino da turaren tsaraba na miƙa.

Farkon 2023, kafin yaƙin Afrilu ya ɓarke, na tafi hutu gida. Daga Hartum zuwa Wad Madani, zuwa Sinnar, zuwa Suki, kwalin yana kan cinyata. Yaron mota ya nemi ya ɗaura shi a sama tare da buhunan albasa, na ce sai dai a ɗaura ni. Wata tsohuwa da ke gefena ta tambaya ko injin awon hawan jini ne, na ce kusan haka.

A gidanmu wuri ɗaya ne kawai ƙura ba ta shiga, kabad ɗin Goggo. Gilashi ne gaba ɗaya, cike da jeren tangaran, da samiru, da kofunan shayi masu zinare a baki waɗanda tun ina yaro ban taɓa ganin leɓen ɗan Adam ya taɓa su ba. Makullin yana ɗaure a bakin zanenta. Na gaishe ta, na ba ta sauran tsarabar da ta tsira, sannan na roƙi aron rabin kanta ɗaya.

Ta leƙa ta tagar kwalin, ta ja da baya.

"A'uzu billahi. Ɗan nan, ƙasa mai tsarki muka tura ka, ka dawo mana da mai ƙaho?"

"Goggo, ado ne. Ajiyewa ake yi."

"Su ma masu bori ajiyewa suke yi."

Kafin in gama shan godo-godon da aka kawo mini, an aika a kira Malam. Ya zo ya zauna a kan angarib, gadon nan na igiya, ya sa tabarau, ya juya kwalin gaba da baya da yatsun da suka taɓa man agashe, ni kuwa kowace juyawa sai in ji ta a ƙirjina.

"Yaro, wannan halittar mai rai ce a asalinta?"

"Allah gafarta Malam, inji ne. Mutum ne ke shiga kansa yana tuƙa shi."

"Wato mota ce."

"Ita ce, Allah gafarta Malam."

"Mota mai ido biyu da haɓa?"

Ban sami amsa ba. Malam kuwa mutum ne mai adalci, bai yi gaggawa ba. Ya tuna mana cewa Nana A'isha tana da 'yan tsana, cikinsu har da doki mai fukafukai, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani ya yi dariya, Abu Dawuda ya ruwaito. Saboda haka, in ji shi, idan abin wasan yara ne, babu komai. Idan kuwa ƙato ne zai girke shi a ɗaki yana kallo safe da yamma, to sai a cire kan, ya zama ba siffa ba.

"Zaɓi ya rage naka. Na yara ne ko naka ne?"

Na dubi ƙahonnin nan da na yi rabin ƙuruciyata ina zana su da gawayi a bangon makaranta. Na dubi ƙofar ɗaki, inda 'ya'yan yayyena da na maƙwabta suka yi cincirindo, ba mai ko tari. Mai kantin Riyad bai koya mini abin da ake yi a irin wannan wurin ba.

"Na yara ne, Allah gafarta Malam."

Malam da kansa ya sa farce ya yage mannen, da bisimilla.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Kafin la'asar Grendizer ya yi wanka a kwatami, ya hau jaki, ya yi dambe da zakara. Wani ɗan yayana da ya gano cewa dunƙulen hannun yana cirewa ya sa shi a danƙo ya harba, domin haka ake yi a fim, kuma a nan ba ni da bakin musu. Dunƙulen ya sauka gaban agwagwar maƙwabta, ita kuwa ba ta tsaya tambaya ba. Na shafe yammacin nan ina bin agwagwa da tsinke a hannu ina duba duk abin da ta ajiye, maƙwabcin yana leƙe ta katanga yana tambayar ko zaman Saudiyya ne ya yi mini haka. Lauje ɗaya ya ɓace, ɗayan na gan shi a hannun ƙanwata tana tsefe kitso da shi. Faifan tashi sama kuwa matar yayana ta ce daidai yake da bakin jabana, tukunyar gahawa, kuma, tsakani da Allah, daidai ɗin yake.

Da daddare na ɗauki hoton abin da ya saura na tura wa mai kantin ta WhatsApp. Ya turo fuskar kuka, sannan ya ce gangar jikin ba ta da kasuwa, amma in kwalin bai lanƙwashe ba, akwai wanda nasa ya jiƙe, zai biya riyal 200. Na tashi da fitila na zagaye gidan, bayan murhu, ƙarƙashin gado, turken awaki, ina addu'ar kada a ce an hura wuta da shi.

Yana cikin kabad ɗin Goggo, a kantar sama, tsakanin tangaran da kofunan zinare. An goge man agashen, an juyo da zanen gaba, an kulle.

"Goggo, kwalin nan nake so. Akwai mai saye."

"Wane kwali? Wannan ya shiga jere."

"Ai ke kika ce mai ƙaho ne."

"Mai ƙahon ya fita, Malam ya raba mu da shi. Dubi ja, dubi shuɗi, dubi ƙyalli. Ko a bikin 'yar sarki ban ga irinsa ba."

"Ko taɓawa ba zan yi ba?"

"Kayan jere ake taɓawa? Kallo ake yi. Matsa baya, numfashinka yana ɓata mini gilashi."

Na ce zan ba ta rabin kuɗin. Ta ƙara ɗaure makullin a bakin zane, ta ce in na koma in sayo mata ɗan'uwansa a sa a ɗaya gefen, domin jere ba ya kyau da guda ɗaya.

"Amma ka ce su cire aljanin tun a kanti," in ji ta, "kada ka biya kuɗin awon kaya a banza."