Gadar da Ta Kai Ni Gaban Baba Maigadi

Kwamfutar da ake girkawa a cikin wata kwamfutar, da VirtualBox ko da KVM, tana fara rayuwa ne a ƙarƙashin NAT. Zamanta irin na ɗan haya ne a ɗakin ƙurya: tana fita intanet ta dawo, amma da sunan maigida, kuma babu mai iya sallama da ita daga waje. VirtualBox yakan ba ta 10.0.2.15, libvirt kuwa ya ajiye ta a layin 192.168.122. Maganin wannan kulle shi ne gada. A KVM, ana ƙirƙirar gada mai suna br0 a uwar kwamfutar, a saka katin netwok na gaske a ciki, a ɗauke adireshin daga katin a mayar wa gadar. Daga nan kwamfutar ciki za ta karɓi nata adireshin daga rauta kamar kowa.

Haka na yi wa Oga bayani a makarantar koyon kwamfuta da nake aiki a Kano, har da zane a allo. Ya ce shi abin da ya sani, gobe ɗalibai su buɗe jarrabawar gwaji da ke kwamfutar ciki ta sabar ofis daga kujerunsu. Na ce an gama.

Bayan isha'i, ina gida da kofin shayi, na shiga sabar ofis ta SSH. Ubuntu ce, don haka fayil ɗin netplan na buɗe na tsara gadata tsaf. Akwai umarni mai tausayi, netplan try, wanda ke mayar da komai yadda yake idan ba ka tabbatar ba cikin daƙiƙa 120. Shi na fara bugawa. Sai ya ce tunda na taɓa saitin STP na gadar, ba zai iya alkawarin mayarwa ba, in duba da kyau in yi netplan apply. To na duba da kyau, iya dubawar mai jin barci.

Na danna. Allo ya yi tsit. Na sake danna, na busa shayi, na yi wa rauta ta gida addu'a. Shiru.

Bawan Allahn da ya rubuta jagorar da na bi, katinsa eth0 ne. Namu enp3s0. Wato gada ta tsaya babu abin da ke haɗe da ita, katin gaske kuma an raba shi da adireshinsa, kuma ta wannan katin nake magana da sabar. Har gobe ina ganin mutumin nan ya kamata ya nemi gafarata.

Na ari babur ɗin maƙwabci. A ƙofar ofis Baba maigadi ya dalle ni da tocila.

"Baba, ni ne. Gada ce ta karye a sama."

Ya ɗaga kai ya dubi benen, ya dube ni. "Yaro, ka ci abinci kuwa?"

Makulli kuma yana wurin Oga. Na kira, Hajiya ta ɗauka, ta tambayi wa ya rasu. Oga ya iso da jallabiya da silifas, bai ce mini uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo. Sabar ba ta da allo, sai da na kinkimo na ɗalibai, Baba na riƙe da tocila don an ɗauke wuta, batirin sabar kuma na ta kuka. Gyaran kansa kalma ɗaya ce. Adireshi ya dawo, kwamfutar ciki ta samu nata.

Da safe Oga ya huce, har ya ce in yi masa irin gadar a laftof ɗinsa. Na ce ranka ya daɗe, ta waifai kake shiga, kuma Linux ba ta yarda a saka katin waifai a gada kai tsaye, domin na'urar waifai ba ta karɓar saƙo sai daga adireshin MAC ɗin da ya yi rajista da ita. Ya ce ashe akwai abin da nake tsoro.

Mai karatu, in za ka gina taka, buga ip link ka ga sunan katinka tukuna, ka zauna gaban injin, makullin ofis kuma ya kwana a aljihunka.