Baba Fasto, Ɗauko Allonka

Na san abin da za ku ce tun ba ku buɗe baki ba. Wasunku har sun taɓe baki: "Wai coci a Zamfara? Jihar da Yarima ya ƙaddamar da shari'a a 1999?" To ku leƙa Gusau ranar Lahadi da hantsi ku ji kiɗan zumuntar mata. Majami'ar Our Lady of Fatima tana nan, kuma limaman Dominika sun zauna garin tun shekarun 1950, iyayen wasunku ma ba su yi aure ba. Angilika na da dayosis sukutum mai sunan garin. ECWA kuwa ba a magana. Ku koma ku zauna.

Abokan wasana na yau su ne masu farar kwala, waɗanda suka ce shugaba ba ya komawa aji. "Na gama makarantar tauhidi ta Kagoro, na ƙara da ta Jos, wa zai koya mini?" Ranka ya daɗe, Baba Fasto, mun ga takardar a bango, har an sa mata gilashi. Amma a wane aji aka koya maka wa'azi ga manomin Tsafe da damina ta wuce bai taka gonarsa ba saboda 'yan bindiga? Wa ya nuna maka yadda ake shiga zauren mai unguwa a Bungudu, ko yadda ake yi wa maƙwabci Musulmi ta'aziyya ba tare da an yi ɓaranɓarama ba? Dattijon nan da ke gyangyaɗi a bencin baya ya sani. Ba ka taɓa tambayarsa ba, sai dai ka aike shi kirga baiko.

Kun ce in kawo nassi? Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 18. Afolos, mutumin Iskandariya, gwanin baki ne, masanin Littattafai. Su wa suka ja shi gefe suka gyara masa karatu? Biriskila da mijinta Akila, masu ɗinkin tanti. Har da mace a ciki, Baba, kuma ba mu ji ya kira taron dattawa a dakatar da su ba. Musa ma surukinsa Yetro ne ya ce masa shari'ar jama'a shi kaɗai za ta kashe shi, ya raba aikin.

Littafin da ke hannunka ma ɗalibi ne ya yi masa wahala. Likita Walter Miller sai da ya je Tarabulus ya zauna gaban Hausawa yana lanƙwasa harshe, kafin ya iso Zariya, kafin cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ta fito a 1932.

"In na nuna ban sani ba, za a raina ni." Haba Baba! Sun daɗe da sani. Mama shugabar zumunta ta haddace wa'azinka na Ista, tana iya gaya maka inda za ka yi tari. Matasa kuwa wayarsu na hannu, kafin ka gama ambaton aya sun duba sun ga ba a Romawa take ba. Kunya ce kawai ta hana su magana, kuma yaran yanzu ba ta cika damunsu ba.