Dikoda Ta Kyauta

Rigimar ta fara ne daren da Maman Khalifa ta dawo daga gidan maƙwabta da ƙarfe goma, ta ce ta gaji da zuwa kallon Daɗin Kowa a ɗakin mutane kamar marar miji. Na ce zan kawo dikoda gidan nan, amma ba irin wadda ake biya duk wata ba. Ni mutum ne da kuɗin wata ke sa wa zazzaɓi. Tunda Arewa24 kyauta ake kama ta tun da aka buɗe ta a 2014, ban ga abin da zai haɗa ni da DStv ko StarTimes ba.

Ta ce in tafi da Sani, ɗan yayana, shi ya san kan waɗannan abubuwan. Na ce mata ina kallon talabijin tun ba a haifi Sani ba.

Ranar Lahadi na hau mota zuwa kasuwar Mai'aduwa. A wata rumfa na tarar da kwalaye jibge, kowanne da hoton ƙwallo da zaki da mace mai murmushi. Mai rumfar ya ce, "Alhaji, ta eriya ko ta dish?" Ni kuwa tunda aka kira ni Alhaji alhali ko Kwangwalam ban cika ƙetarewa ba, sai na ga bai dace in nuna jahilci ba. Na ɗaga ƙaramar cikinsu, na juya ta kamar mai duba kankana, na ce wannan ta yi. Ya buɗe baki zai yi bayani, na ce masa kada ya damu, mun saba. Ita ce mafi araha, wannan kuwa shi ne iyakar binciken da na yi.

Dish kuma na saya hannun wani abokina da ya koma Katsina. Na hau katanga da la'asar, na ɗaure shi, na sa Khalifa a bakin taga yana ba ni labarin abin da talabijin ke ciki.

"Ya kawo?"

"Baba, shuɗi ne."

"Yanzu fa?"

"Baba, shuɗin ya ƙara kyau."

Haka muka yi har aka kira magariba. Na juya dish ɗin gabas, na juya shi yamma, har na karkata shi wajen Rijiyar Kusugu ko albarkacin tarihi zai sa ya kama. Da zan sauko tsani ya zame, na dira a kan akurkin kaji. Zakaran gidan har yau in ya gan ni sai ya sake hanya.

Washegari aka kira Sani, ba da izinina ba. Ya ɗaga kwalin, ya nuna mini wasu haruffa a gefe: T2. "Kawu, wannan ai ta eriya ce. Ta dish S2 ake rubuta mata." Ya ce mai T2 daga turken tashar da ke ƙasa take ɗaukar sigina, irin shirin da gwamnati ta fara a Jos a 2016, aka kai shi Kano a 2021. Mai S2 ita ke sauraron tauraron ɗan'adam. Ramin wayarsu ma ba iri ɗaya ba ne. Nan na tuna yadda na sha fama kafin wayar ta shiga, har sai da na haɗa da filaya. Ban faɗa masa ba, amma ya ga ramin.

Mai rumfa ya ce kayan da aka yi wa tiyata ba ya komawa. Na sayi ta biyu, wannan karon Sani na tsaye a kaina kamar waliyyi.

Ya hau katanga, minti goma bai cika ba hoto ya fito tar. Sai dai tauraron da ya fara faɗawa a kai na Larabawa ne, Arabsat. Tashoshi suka zubo rututu, ga masu labarai, ga masu tallan turare, sai ga Ka'aba, ana ɗawafi kai tsaye. Sani ya ce bari ya ɗan juya ya nemo Arewa24, don ita a wani tauraron take.

Daidai lokacin Inna ta fito alwala. Ta tsaya, ta ajiye buta, ta yi salati. Ta jawo tabarma ta zauna gaban talabijin, ta ce duk wanda ya taɓa wannan faifan ya kawar mata da Makka, shi da Allah.

Sani ya sauko a hankali. Maman Khalifa ta dube ni, na dubi zakara.

Wa zai ce wa mahaifiyarsa ta tashi daga Harami za a kalli wasan kwaikwayo? Sani ya ce akwai mafita: a ƙara dish na biyu, da wata 'yar na'ura mai haɗa su a waya ɗaya. Na ce sai albashi ya shigo.

Wata huɗu ke nan. Inna ta san limaman Makka da muryarsu, rimot kuma a ƙarƙashin filonta yake kwana. Maman Khalifa tana kallon Daɗin Kowa a wayarta, ni nake sayen data duk mako. Ƙaramar dikodar nan mai T2 tana nan a kwalinta, sabuwa fil in ban da ramin, ga duk mai so.