Yadda Ake Shayar da Kwamfuta Ruwa a Zangon Kwatano

Ka tsaya bakin titi kusa da babban masallacin Zango bayan an sallame Juma'a, ka kalli 'yan zemijan, wato masu babur ɗin haya, da rigunansu ruwan ɗorawa suna kwasar jama'a. Babu ɗaya daga cikinsu da ke haɗiye fasinja. Ya ɗauke shi a nan, ya sauke shi a Dantokpa ko Jonquet, ya juyo ya ɗauki wani. To, ɗan'uwa, kafin ka cire ko jaka guda da niyyar haɗa kwamfutar tebur mai shan ruwa, irin wadda tiyo ke zagaye cikinta fitilu na walƙiya kamar ɗakin amarya, ka riƙe wannan hoton da kyau. Ruwan da za ka zuba mata ɗan zemijan ne. Aikinsa ya ɗauki zafi daga kan furosesa da katin hoto, ya kai shi lagireto, fanka ta busa shi cikin ɗakinka. Zafin bai je ko'ina ba, yana nan tare da kai a kan tabarma. Wanda ya gane wannan zai sayi kayansa daga bango zuwa ciki, wato ya fara da wuta da iskar ɗaki, ya ƙare da kwalliya. Wanda bai gane ba zai fara da ruwa mai launi, ya ƙare a shagon mai gyara.

Mu fara da auna fasinjan, domin ba ƙaramin mutum ba ne. Katin hoto na RTX 4090 da Nvidia ta fitar a 2022 yana jan wat 450, ƙanensa RTX 5090 na 2025 kuwa har 575. Furosesar Intel Core i9-14900K tana kaiwa wat 253 idan aka sake mata linzami. Haɗa na farko da na ƙarshe, ka samu wat ɗari bakwai da ɗoriya, kuma kusan duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa. Kamar ka jona ƙaramin dutsen guga ne ka bar shi a tsakar ɗaki tun safe har dare. Abin da ya sa ake kiran ruwa ga wannan dako shi ne ƙarfin wuyansa: kilo guda na ruwa yana ɗaukar zafi kusan ninki huɗu na kilo guda na iska, in kuwa da mudu za a auna, ratar ta haura ninki dubu uku. Dabarar ma tsohuwa ce. Tun shekarun 1960 kamfanin IBM ke sanyaya manyan injunansa da ruwa, kuma a 1985 injin Cray-2 ya fito da allunansa tsundum cikin wani ruwa na musamman da ba ya ɗaukar lantarki. Saboda haka babu wanda zai ce maka bidi'a ka ƙirƙiro.

Sai dai ɗan zemijan ba ya hawa bene. Lagireto ba zai taɓa sa ruwa ya fi iskar ɗaki sanyi ba, iyakarsa ya matso kusa da ita. Masu wannan sana'a suna jin daɗi idan ruwan ya tsaya kamar digiri 10 sama da ɗaki. Bature a Jamus da ɗakinsa ke digiri 20 zai ga ruwansa a 30, ya ɗauki hoto ya yi ta nunawa. Kai da kwanon rufinka ya sha rana a watan Maris, ɗaki yana 32, naka ruwan zai kama 42 da kaya iri ɗaya, kuma babu laifin kowa. A nan ne wani zai ce ai mu gadon sanyaya ruwa muka yi, randar kakanninmu ba ta taɓa neman lantarki ba. Gaskiya ne, kuma abin alfahari. Mohammed Bah Abba, malamin nan na arewacin Nijeriya, har lambar yabo ta Rolex ya karɓa a 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke adana tumatir da yalo kwanaki. Amma sirrin randa busasshiyar iska ce da ke shanye gumin jikinta. A Maraɗi ko Katsina tana aiki kamar aljani. Kwatano kuwa gari ne da teku ke gabansa, tafkin Nokoué ke bayansa, iskarsa ta riga ta ƙoshi da laima, har wankin da aka shanya da safe kan yi gardamar bushewa. Saboda wannan laimar ce kuma nake roƙonka da girman Allah kada ka jefa ƙanƙara cikin tankin ruwan. Dubi kwalbar lemo da aka fito da ita daga firji a Zango, kafin ka buɗe ta jikinta ya yi sharkaf. Haka tiyonka zai yi gumi, ya ɗiga a kan babban allo, kuma allon kwamfuta ba ya yafe ɗigo ɗaya.

Tunda ɗaki ne ke yanke hukunci, kuɗinka na farko na ɗaki ne da bango. Taga mai shigar iska, fankar sama, tebur da ya ɗaga injin daga ƙasa inda ƙura da ruwan damina ke fara sallama. Sannan wuta. Benin ta daɗe tana sayen lantarki daga Gana da Nijeriya, kafin a buɗe tashar Maria-Gléta mai megawat 127 a 2019, kuma ko a garin da wuta ta fi zama lafiya, injin da ya ci kuɗin fili bai kamata ya sha kai tsaye daga soket ba. Ka sa masa mai daidaita wuta da UPS, wanda mutanen Kwatano suka fi sani da sunansa na Faransanci, onduleur, kuma ka zaɓi wanda ƙarfinsa ya zarce abin da injin ke ja. Akwatin wutar cikin kwamfutar shi ma kada ka yi masa rowa, domin shi ne uban gida, in ya faɗi da iyalinsa yake tafiya. Ka kuma yi lissafin mita tun yanzu, kafin uwargida ta yi maka shi: wat 700 na awa goma kilowat-awa 7 ne a yini, ban da talabijin da firji.

Daga nan ka zaɓi fasinja daidai babur. Ba dole ba ne sai furosesar da ta fi kowace tsada. A cikin saitin babban allo ana iya rage mata iyakar wutar da take ja, haka shi ma katin hoto, sau da yawa zafi ya ragu sosai alhali saurin bai ragu da abin a zo a gani ba. Wannan ragin kyauta ne, ya fi duk wani tiyo arha. Lagireto kuwa ana auna shi da girman fanka: milimita 120, 240, 360. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce gurbin fanka ɗaya na 120 ga kowane wat ɗari. A Kwatano ka ɗauki ƙa'idar nan a matsayin farilla, ka ƙara nafila a kai. Wato gidan kwamfutar za ka fara aunawa da tef, ka tabbatar lagireto biyu za su zauna ciki ba tare da faɗa da katin hoto ba, kafin ka yi odar komai. Mai ɗinki ba ya yanka shadda sai ya gwada kafaɗa.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace muhimmanci, kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi: kada ka haɗa jan ƙarfe da alminiyon a zagaye ɗaya. Kishiyoyi ne da ba a ajiyewa ɗaki guda. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu cikin ruwa ɗaya, sukan zama wani ɗan ƙaramin batir, alminiyon ya riƙa narkewa a hankali, garinsa ya bi ruwa ya toshe siraran layukan farantin da ke kan furosesa, waɗanda wasunsu ba su kai rabin milimita faɗi ba. Jan ƙarfe da tagulla da nikel suna zaman lafiya, su za ka tara. Makanikin unguwa zai yi maka dariya ya ce ga motocin da ke fitowa daga tashar jirgin ruwan Kwatano suna tafiya har Kano da lagireton alminiyon da ruwan rijiya, me ya same su? Ka amsa masa cikin ladabi cewa hanyoyin ruwan mota suna da faɗi, ruwan da masana'anta suka ce a zuba mata yana da maganin tsatsa, kuma shi da kansa ya san jan laka nawa yake wankowa daga lagireton da aka shayar da ruwan rijiya. In mota ta yi yoyo, a kwalta take zubarwa. Taka a kan katin hoto za ta zubar.

Ruwan ma sai an zaɓa. Na famfon SONEB da na leda sun dace da cikinka, amma gishirin ma'adinan da ke cikinsu zai bar farin dafi irin wanda kake gani a gindin butar shayi. Tataccen ruwa ake so, wanda aka turara aka tara, tare da ɗigon maganin gansakuka, domin ruwa mai ɗumi da haske ke ratsawa gona ce ga koren tsiro, ko kuma ka sayi haɗaɗɗen ruwan da aka yi don wannan aiki. Idan ka je saya, ka kiyayi harshenka. Kada ka ce a ba ka ruwan batir, don yaron shago zai iya miƙo maka asid da zuciya ɗaya. Ka ce eau distillée, ka karanta jikin kwalbar da idonka. Ruwa mai kauri mai launin zoɓo ko kunun aya yana da kyau ranar suna, bayan 'yan watanni kuma ya kwanta a lunguna, sai ka kwance komai ka wanke da buroshin haƙori. In launi kake so, fitila ta ba ka shi.

Famfo iri biyu ne suka yi suna, D5 da DDC. Na farko ya fi girma da natsuwa, kuma ruwan da yake turawa ne ke sanyaya shi, don haka tanki ya zauna samansa, kada ya taɓa juyawa a bushe. Tiyo mai laushi na baƙar roba ya fi dacewa da mai koyo. Mai tauri na PETG, wanda ake lanƙwasawa da bindigar zafi, ya fi kyan gani, amma yana saki idan ruwa ya yi zafi da yawa, kuma mun riga mun ga daga inda ruwanka ke farawa. Maɗaurai kusan duka zaren G1/4 ne, sai dai girman tiyo ya bambanta, ka duba lambar ciki da ta waje su dace. Irin waɗannan kaya, na EKWB daga Sulobeniya ko Alphacool daga Jamus, galibi oda ake yi daga nesa, ko a tsallaka iyakar Seme a nufi Computer Village da ke Ikeja. Saboda haka ka sayi rarar maɗauri biyu da zoben roba da yawa. Zobe ɗaya da bai kai ƙwandala ba yana iya zaunar da injin wata guda.

Mai hankali zai tambaya, duk wannan wahala don me, alhali ga Noctua NH-D15, tulin ƙarfe da fanka biyu da aka fitar tun 2014, ba ya yoyo, ba ya gansakuka, in fanka ta mutu a sauya ta cikin minti biyar? Tambayar tana da nauyi, kuma ga mafi yawan mutane ita ce amsar. Mai shagon buga takardu, ɗalibi, ɗan kasuwar da ke lissafin kaya, duk fanka ta ishe su. Ko Apple da ta sa ruwa cikin wasu injunan Power Mac G5 a 2004 ta ga yoyo daga baya, ta bar hanyar. Akwai kuma 'yar tsakiya, wato rufaffen zagayen da ake sayarwa a haɗe, a ɗaura kawai. Amma akwai mutumin da ruwa ya dace da shi: mai tace bidiyon biki da na wa'azi wanda injinsa ke aiki dare da rana, mai zanen gini, mai ɗaukar murya da ƙarar fanka ke ɓata masa aiki. Furosesa tana rage gudu da kanta in ta kusa digiri 95 ko 100, kuma faffaɗan lagireto yana ba ta damar yin dogon aiki da fankoki masu juyawa a hankali. Sannan akwai daɗin ƙera abu da hannunka, wanda duk maƙeri da baduku a Zango ya san shi, kuma ban ga dalilin raina shi ba.

Ranar zuba ruwa, ka sallami 'yan kallo, ka ba yara kuɗin alewa. Cire wuta daga babban allo da katin hoto, famfo kaɗai za ka kunna. Shimfiɗa farar takardar goge hannu ƙarƙashin kowane maɗauri, ka zuba ruwa kaɗan-kaɗan, kana kunnawa kana kashewa, kana karkata gidan hagu da dama har kumfar iska ta gama fita da ƙararta irin ta mai kuskure baki. Daga nan ka bar shi ya kwana ya yini yana zagaye. Maƙwabci zai leƙo ya ce, “Malam, har yanzu ba a kunna ba?” Ka ce masa amarya tana lalle. In takarda ta wayi gari a bushe, sai ka jona sauran, ka saita injin ya kashe kansa idan famfo ya tsaya. Kada ka manta da ɗan famfon zubarwa a can ƙasa, domin sau ɗaya a shekara za ka sauya ruwan, kuma duk ranar da injin zai hau zemijan, a bushe zai hau. Idan hunturu ya sauko a Disamba, sararin Kwatano ya yi fari, ka riƙa zare ragar gaban gidan duk mako kana kakkaɓewa a waje, ka hura lagireto ta baya, kana riƙe da fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima.