Alhaji, Ta Ci Jarrabawa Tana Kwance A Gindin Bishiya?

Ranka ya daɗe, na hango ka kana taɓe baki tun kafin in buɗe nawa. Ka ce duk wannan zancen duba lafiyar mota dabarar tatsar talaka ce, domin taka motar lafiyarta ƙalau. Na yarda. Sai dai yaran unguwa sun ce in tambaye ka: kuɗin turin jiya da safe, yaushe za a biya su?

Macijin rijiyar Kusugu ma ranar Juma'a yakan bar mutane su ɗebi ruwa. Ita kuwa motarka, ranar da za ta tashi da makulli sai mai duba.

Ba na hana ka kukanka, kana da gaskiya. A Janairun 2023 inshorar dole ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000. A tsakiyar shekarar aka ɓullo da sabunta shaidar mallakar mota duk shekara a kan naira 1,000, aka fara daga Legas. Can ɗin kuma tun 2022 suka ce ba takardar lafiyar mota sai an kai ta gaban na'ura ta gwada birki da fitila da hayaƙi. Mu nan fa? Ka aiki yaro da kuɗi, takarda ta dawo da hatimi, mota tana bisa duwatsu a wurin bakanike. Majinyaci yana gado, likita bai gan shi ba, an rubuta masa sallama!

Na kuma ji irin shewar da ka yi a Oktoban 2024, da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta hana jami'an duba motoci na VIO tare motoci da cin tara. To, Alhaji, kotu ta hana jami'i tsayar da kai. Wa zai tsayar da kai idan saniya ta faɗo titi a hanyar Mai'aduwa ranar kasuwa? Alƙali ba ya taka birki.

Ka ce komai ƙaddara ce. Haka ne, amma wanda ya dogara ga Allah shi ma yana ɗaure raƙuminsa. Sunkuya ka dubi gefen tayarka: akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In ta girmi autanka da ke firamare, ai ka san sauran.

Abin kunya ne garin da ke da Jami'ar Sufuri ta Tarayya a ce da dutse ake tokare mota a ƙofar masallaci. Ka yi ta faɗa da masu karɓar kuɗi ba su duba komai ba, ina bayanka. Amma kafin hawan Gani ka leƙa wurin bakanike.

Ka ce za ka rage mini hanya zuwa Zango? Na gode ƙwarai, likita ya ce in riƙa tattaki.